Ciwon Sukari da Tuƙin Jirgin Sama: Amsar da Na Ba Ɗan Ƙanwata

Ɗan ƙanwata shekararsa 19. Tun yana ƙarami a Dakoro, in jirgi ya gitta can ƙololuwar sama ya bar farin zare a bayansa, sai yaron nan ya saki abin da ke hannunsa ya ɗaga kai har zaren ya watse. Mu dai namu kallo ne daga nesa, jirgin fasinja ba ya sauka garinmu. Amma shi ya riƙe abin da gaske. Ya dage da lissafi da kimiyya a makaranta, ya riƙa koyon Ingilishi a waya don an gaya masa da shi matuƙa ke magana da hasumiya. Ya san kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ya san makarantar EAMAC ta Yamai inda ake horar da masu ba jirage hanya da masu hasashen yanayi. In ka zauna da shi sai ya cika ka da sunayen jirage har ka nemi hanyar tashi.

Bara da bazara sai ya fara ramewa. Ga ƙishirwa ba iyaka, ga fitsari sau huɗu sau biyar kafin asuba. Muka ce zafi ne, don a watan Afrilu kowa a Dakoro shan ruwan raƙumi yake yi. Uwarsa ce ta lura tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari, hankalinta ya tashi. Aka kai shi asibiti, daga nan aka tura mu Maraɗi. Sukarin jininsa ya haura gram 3 a lita, alhali daga gram 1.26 kafin a karya kumallo ake cewa mutum ya kamu. Likita ya ce nau'i na ɗaya ne, allurar insulin ce kullum har iyakar rayuwa.

A kan hanyar komawa gida ya yi shiru har muka yi nisa. Can ya ce, "Kawu, shi ke nan maganar jirgi ta mutu ko?" Na ce, "Ɗana, bari in bincika, kada in gaya maka abin da ban sani ba."

Na bincika ɗin, na kuma daɗe ina juya abin da na samu. Na fito da amsar fili ne saboda na ga maganar ta wuce ta yaro guda da burinsa. Duk wanda ya taɓa zama a bayan direba, ko a sama ko a ƙasa, ta shafe shi.

Mu fara da doka yadda take. Akwai hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen sama na farar hula, wato ICAO, mai hedikwata a birnin Montreal na ƙasar Kanada, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta 1944. Ita ke shimfiɗa mizanin da ƙasashe ke gina dokokinsu a kai, kuma ANAC a Nijar da NCAA a Najeriya duk daga wannan rijiya suke ɗiba. A kundinta da ya shafi lasisin ma'aikata an kasa takardar shaidar lafiya aji uku: aji na 1 na matuƙan jiragen haya da na fasinja, aji na 2 na mai tuƙi don kansa, aji na 3 na masu ba jirage hanya daga hasumiya. Matuƙin jirgin fasinja yakan koma gaban likita duk wata 12, in ya kai shekara 60 kuma duk wata 6. A duba ido, a duba kunne, a auna zuciya da hawan jini, a gwada fitsari. Ba kuma kowane likita ke sa hannu ba, sai wanda hukumar ta amince da shi. Ranar da takardar nan ta faɗi, lasisi ya zama ado, ko da mutum ya shekara talatin yana tuƙi.

Game da ciwon sukari kundin bai ja magana ba. Wanda ke kan allurar insulin, a ɗauke shi bai cancanta ba. Wanda ba ya allura, shi ma bai cancanta ba sai in an tabbatar ciwon ya kwanta ta hanyar kiyaye abinci, ko abinci da ƙwayar maganin da ba ta kawo cikas ga tuƙi. An dai bar wa kowace ƙasa ƴar ƙofa ta duba mutum a kan kansa idan ƙwararru sun ga ba haɗari, sai dai ƙasashe kaɗan ne suka bi ta ƙofar.

A nan ne ya kamata a rarrabe, don mutanenmu kan haɗa ciwon sukari a kwando ɗaya. A nau'i na ɗaya, irin na yaronmu, jiki ne ke daina yin insulin gaba ɗaya, wato sinadarin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Mai shi ba ya rayuwa sai da allura, kuma kafin a gano insulin a Toronto a 1921 hukuncin mutuwa ne. Nau'i na biyu shi ne na wajen tara cikin goma na masu ciwon, wanda yawanci ke zuwa da shekaru da teɓa da yawan zama. Shi jiki yana yin insulin ɗin, amma bai isa ba, ko kuwa jiki ya daina jin maganarsa. Matuƙi mai nau'i na biyu da ke shan metformin, wanda shi kaɗai ba kasafai yake kayar da sukari ƙasa ba, zai iya ci gaba da aikinsa a ƙarƙashin sa ido. Magunguna irin glibenclamide, da suka yi yawa a wajenmu saboda arha, su ne ake ɗari-ɗari da su.

To me ake tsoro? Ni da na ɗauka hawan sukari ne. Shi ma ana dubawa, domin sukarin da ya daɗe a sama yana cin ido, yana cin ƙoda, yana toshe jijiyoyin zuciya, yana kashe jin tafin ƙafa, kuma da ƙafa matuƙi ke taka birki da sarrafa jelar jirgi. Sai dai wannan ɓarna ce mai tafiyar hawainiya, likita zai hango ta a gwajin shekara. Abin da ke hana hukumomi barci shi ne faɗuwar sukari. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Idan allura ta fi ƙarfin abincin da aka ci, ko an yi allura abinci ya yi jinkiri, sai sukari ya sauka. Ƙasa da gram 0.70 a lita sai karkarwa, gumi, bugun zuciya da wata irin yunwa mai zafi. In ya gangara wajen 0.54 tunani ya fara rikicewa, gani ya dushe, mutum ya riƙa yin abu kamar mashayi, daga nan sai suma. Duk wannan zai iya faruwa cikin mintoci, kuma jirgin da ke shirin sauka ba ya jiran kowa ya farfaɗo.

Hausawa sun ce jiki magayi. A wannan ciwo karin maganar yana da iyaka. Wanda ya shekara da shekaru sukarinsa na yawan faɗuwa, jikinsa kan daina gaya masa. Ba karkarwa, ba gumi, daga hira sai rikicewa. Mafi muni kuma, gaɓar da ya kamata ta gane akwai matsala, wato ƙwaƙwalwa, ita ce ta farko da ke tafiya. Saboda haka ban ga laifin waɗanda suka rubuta haramcin tun farko ba. A zamaninsu da fitsari ake gwada sukari, shi kuwa fitsari labarin awannin baya yake bayarwa, ba ya ma nuna faɗuwa. Ƴar na'urar nan da ake ɗiga mata jinin yatsa sai wajajen 1980 ta fara shiga gidaje. Wanda ba shi da ma'auni, ba abin da ya rage masa sai ya ce a'a.

Amma ma'auni ya zo, kuma wasu sun sake lissafi. Akwai wani Bature, Douglas Cairns, matuƙin jirgin sojan saman Birtaniya, wanda aka sauke daga tuƙi a 1989 da aka gano yana da nau'i na ɗaya. Da Amurka ta buɗe wa masu allura ƙofar tuƙa ƙananan jirage na kansu a 1996, sai ya samu lasisi a can, ya kewaye duniya da ƙaramin jirgi mai inji biyu, ya kammala a 2003. Kanada ce ta fara barin masu allura su tuƙa jiragen fasinja, a 2002. Birtaniya ta biyo a 2012, daga baya Ireland da Austria suka shiga tsarinta. Amurka, wadda ta fi kowa yawan matuƙa, sai a Nuwambar 2019 ta fitar da nata tsarin na aji na 1, kuma wani matashi mai suna Pietro Marsala yana cikin na farko da suka karɓi takardar a Afrilun 2020. Sharaɗin Amurka shi ne na'urar da ake mannawa a fata, mai auna sukari dare da rana duk bayan ƴan mintoci tana adana sakamako.

Tsarin Birtaniya shi ya fi burge ni, don ko ɗan firamare zai gane shi. Sun ari launin fitilar kan titi. A ma'auninsu, daga 5 zuwa 15 kore ne. In an mayar da shi irin lissafin asibitocinmu, daga gram 0.90 zuwa 2.70 ke nan. Tsakanin 4 da 5, ko tsakanin 15 da 20, ruwan ɗorawa ne: a ɗauki mataki, in ƙasa ne a sha gram 10 zuwa 15 na sukari a sake gwadawa. Ƙasa da 4 ko sama da 20 ja ne: nan take a miƙa tuƙi ga abokin aiki. Matuƙi zai gwada kafin ya kama aiki, ya sake cikin minti 30 kafin tashi, ya riƙa gwadawa duk awa a sama, ya kuma gwada cikin minti 30 kafin sauka. Ba ya tuƙa jirgin fasinja shi kaɗai. Tun a ƙasa zai gaya wa abokin tuƙinsa halin da yake ciki, ya nuna masa sakamakon kowane gwaji, ya kuma faɗi lambar da baki don na'urar naɗar murya ta ɗauka. Lokaci-lokaci likita zai ɗauko littafinsa ya gwama da abin da na'urar gwajin ta adana.

An kuma bi diddigin abin. A 2020 mujallar likitoci ta Diabetes Care ta buga sakamakon matuƙa 49 daga ƙasashen uku, cikin awa sama da 22,000 na tashi da gwaji sama da 38,000. Fiye da kashi 97 cikin ɗari na gwaje-gwajen kore ne. Waɗanda suka faɗa ja ta ƙasa ba su kai biyu cikin dubu ba, kuma ba a samu ko sau ɗaya da matuƙi ya kasa aiki a sama ba. Na san mutum 49 ba taro ba ne, kuma zaɓaɓɓu ne, masu tsananin kula da kansu. Na san har yanzu dokar gama-gari ta Tarayyar Turai ba ta sake ba. Duk da haka, wanda ya ce mai allura ba zai taɓa iya tuƙa jirgi lafiya ba, yanzu shi ake bi bashin hujja.

Ra'ayina ke nan, kuma ba son kai na kawu ne ya kawo shi ba, ko da yake ban musa cewa shi ya tura ni karatu. Haramcin kai tsaye yana da wata ɓaraka da ba a cika faɗa ba. Doka ba ta kori mutum don ciwonsa ba, ta kore shi ne don maganinsa. Ɗauki matuƙi ɗan shekara 50 mai nau'i na biyu, wanda ƙwaya ta daina riƙe masa sukari, likita ya ce lokacin allura ya yi. In ya karɓa, aiki ya tafi, ga ƴaƴa a makaranta, ga dangi a ƙauye na jiran ƙarshen wata. In ya ƙi, zai ci gaba da lallaɓawa da ƙwaya yana cin idonsa da ƙodarsa. Akwai kuma hanya ta uku, wadda kowa ya san ɗan Adam zai iya bi: ya riƙa allura a ɓoye, ya yi shiru a gaban likitan hukuma. Wannan na ukun shi ne mafi haɗari a cikin jirgi, domin ba zai fito da na'ura a gaban abokin aiki ba, kuma in ya fara gumi ba wanda ya san abin da ke faruwa balle ya miƙa masa lemo. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2022 ya nuna fiye da rabin matuƙan da aka tambaya sun taɓa kauce wa likita ko ɓoye wani abu don tsoron rasa takardarsu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ban koyi wannan a littafi ba. Shekarun baya, cikin azumi, na hau wata Hiace daga Maraɗi zuwa Dakoro, tafiyar da ta haura kilomita 100. Motar cike take, har da buhuna a sama, ni ina gaba kusa da ƙofa. Bayan la'asar sai na ga motar ta fara cin gefen hanya tana dawowa. Na dubi direban, dattijo ne mai furfura, na ga gumi na zuba daga goshinsa kamar an watsa masa ruwa. Yaron motar ya yi masa wata tambaya, ya ba da amsar da ba ta haɗu da komai ba. Nan take yaron ya daka tsawa, "Maigida, tsaya! Tsaya nan!" Allah ya sa ƙafarsa ta sami birki. Yaron ya zaro ƙullin leda daga aljihu, sukari ne mai ƙwaya, ya tura masa uku a baki ya bi da ruwa. Wasu a baya suka fara gunaguni, wai saura kaɗan a sha ruwa. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, sha abinka, Allah ya ga zuciyarka, mu dai ka kai mu gida."

Bayan kamar minti goma sha biyar ya dawo hayyacinsa. Ashe ƙwayar sukari yake sha, ya sha da sahur ya kama hanya. Da muka iso tasha ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, don girman Allah a rufa mini asiri. In mai motar ya ji, yau zai karɓe makulli." Na rufa masa, har yau ban faɗi sunansa ba. Amma na daɗe ina tambayar kaina ko daidai na yi, don washegari wasu mutane sha tara ne za su zauna a bayansa.

Da na karanta tsarin Birtaniya sai yaron motar nan ya faɗo mini a rai. Shi kaɗai ya san sirrin maigidansa, ya san alamun, yana yawo da magani a aljihu, yana kuma da bakin da zai ce tsaya a tsaya. Abin da Turawa suka rubuta a takarda da launuka, shi ya yi da ƙullin leda. Abin da ya cece mu a ranar shi ne akwai mutum ɗaya a motar da ba a ɓoye masa ba. Da dattijon ya ji tsoron yaron kamar yadda yake tsoron mai mota, da wani labari ake yi.

Za a ce mini, kai ma ka san nan ba Landan ba ce. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Tsarin launukan nan yana tsaye ne a kan abubuwan da mu sai an sha wuya ake samu: tsinken gwaji da ba ya yankewa, likitan da ya ƙware a ciwon sukari, gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin sukari na wata uku, likitan ido mai duba can cikin ƙwayar ido. Mu da muke jinyar yaro a Dakoro mun san yadda ake tattalin tsinken gwaji kamar zinariya, a yi sau biyu a rana inda ya kamata a yi huɗu. Mun san insulin sanyi yake so, wuta kuwa sai ta ga dama. (A nan in ɗan ratse, don amfanin masu jinya: wani bincike na Jami'ar Geneva da ƙungiyar likitoci ta MSF da aka buga a 2021 ya nuna kwalbar insulin da aka fara amfani da ita tana jure zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37 har mako huɗu. Mu a cikin ƴar tukunyar ƙasa muke ajiyewa, a gindin randa, a kan jiƙaƙƙen yashi.) Akwai kuma wata cuta tamu da ta fi sukari wuyar magani, wato takardar lafiyar da ake samu ba tare da an taɓa jikin mutum ba. Inda sa hannu ke da farashi, sassauta doka buɗe ƙofar ɓarna ne.

Na yarda da duk wannan, amma a duba da kyau. Matuƙan jiragen fasinja a Nijar da arewacin Najeriya ba su da yawa, kuma a Yamai da Kano da Abuja suke zaune, inda ake samun waɗannan likitoci da gwaje-gwaje. Su ne ma'aikatan da suka fi kowa iya sayen na'ura. Batun ƙarya kuma, littafi ake iya cikawa da biro a daren zuwa asibiti. Abin da na'ura ta adana na wata uku, da ranarsa da mintinsa, ba a shirya shi da sauƙi. In ƙasa ɗaya ba ta da ƙwararrun da za su riƙe tsarin, ai wasu ƙasashen yankin nan sun saba haɗa hannu a harkar sama, tun 1959 suke tafiyar da sararin samaniyarsu tare a ƙarƙashin ASECNA. Ban ce gobe a kwafo dokar Birtaniya a manna ba. Cewa nake hukumominmu su fara da matuƙan da ke kan aiki, waɗanda ciwon ya same su da lasisi a hannu: a ce musu wanda ya fito ya faɗa, za a dakatar da shi na ɗan lokaci a daidaita shi, a mayar da shi kujera da sharaɗi da abokin tuƙi. Muddin faɗin gaskiya daidai yake da takardar sallama, ba mai faɗa.

Sai dai in don yawan rayuka ne, tashar mota ta fi filin jirgi buƙatar wannan magana. Mutumin Dakoro zai iya rayuwa har ya mutu bai hau jirgi ba, in ba Allah ya kira shi Makka ba, amma mota kullum ce. Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya, IDF, ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su sani ba. Ka dubi rayuwar direba: zama daga safe har dare, shayi mai kauri sau uku, lemon kwalba, cin abinci ba lokaci. Matuƙin jirgi duk shekara ana gwada shi, ga mataimaki a gefe, ga na'urar da ke riƙe jirgi da kanta. Direban Hiace shi kaɗai ne da sitiyari da ramuka da shanun da ke tsallaka hanya. A Birtaniyar nan tun 2011 aka bar masu allura su tuƙa manyan motoci da bas, bisa sharaɗin gwaji cikin awa biyu kafin tafiya da kuma duk awa biyu a hanya. Mu ba mu hana ba, ba mu kuma gwada ba, mun dai bar wa Allah da yaran mota.

Abin da ƙungiyoyin direbobi za su iya yi bai fi ƙarfinsu ba. Na'urar gwaji guda a ofishin tasha, da wanda ya iya amfani da ita. Yarjejeniya da masu motoci cewa ba a karɓe makullin direba don ya ce yana da sukari, sai in ya ƙi magani ko ya ƙi gwaji. A koya wa yaran mota alamun nan da abin yi. Kafin azumi kuma direba mai shan ƙwaya ko allura ya je a daidaita masa magani, don likitoci sun yi ittifaƙi cewa in sukari ya sauka ƙasa da gram 0.70 a karya azumin nan take. Malamanmu sun fi ni sanin rangwamen da aka yi wa marar lafiya da matafiyi, shi kuwa dattijon nan duka biyun ne a lokaci guda. Da an ji wannan daga bakin liman a masallacin tasha, da ba a yi masa gunaguni ba.

Na koma wajen yaronmu da abin da na samu, ban kuma rage masa komai ba. Na ce masa a yadda mizanin yake a yau, mai allura ba zai samu aji na 1 a nan ba, kuma aikin hasumiya ma haka, tunda aji na 3 irin wannan sharaɗin ne a kansa. Na ce akwai gyaran jirage, akwai na'urorin sadarwa, akwai hasashen yanayi, duk a filin jirgi ake yin su kuma ba sa neman irin waccan takarda. Na gaya masa ƙasashen da suka buɗe ƙofa, na kuma gaya masa kuɗin koyon tuƙi a can ya fi ƙarfin gidanmu ko da mun sayar da garke. Na ce dokar da ta sauya a Amurka a 2019 ta shekara da shekaru tana nan kamar dutse, shi kuma yanzu yake 19. Abin da ke hannunsa shi ne ya kai shekara talatin da idonsa garau da ƙodarsa lafiya da tarihin sukari mai tsabta, don ko a ina ne shi za a fara tambaya.

Uwarsa ta so in ce masa ya cire abin a ransa kawai, ya huta. Ta ce, "Yaya, kada ka sa masa rai a banza." Na fahimce ta. Sai dai na ga abin da burin nan ya yi masa wanda faɗanmu bai yi ba. A watannin farko sai an bi shi da allura, yana ɓoye ta kada abokai su gani. Tun da ya ji labarin kore da ruwan ɗorawa da ja, ya sayi littafi mai layi ya ja masa gidaje, yana rubuta kowane gwaji da lokacinsa da abin da ya ci. Ya gaya wa abokansa biyu alamun faɗuwar sukari, ya ce su ne mataimakansa. Ba ya fita sai da dabino a aljihu.

Shekaranjiya da magariba na same shi zaune a gindin randa yana soka yatsa. Ya ce, "Kawu, can Montreal ɗin wane yare suke yi?" Na ce Faransanci, irin wanda ya sha bulala a kansa a firamare. Ya yi dariya, ya duba na'urar, ya rubuta 1.18 a gidan kore.